Yadda Faransancina Ya Cinye Fanshon Mahaifina

Shekarun baya, tun Nasara na mulkin ƙasar nan, ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar biro, wato ofishin gwamnati, a Dakoro. Teburina akwatin sabulu ne, kujerata kututturen aduwa. Na yi lekol, wato makarantar boko, a Maraɗi shekara shida, na zauna jarrabawar satifika sau biyu, na faɗi sau biyu. Amma in ka ga tafiyata da alƙalami a aljihun gaba, sai ka rantse ni ne na biyun kumandan, Nasaran da ke mulkin gari. Farin gajeren wando ɗaya tal gare ni, in wanke da yamma in sa da safe, wani lokaci da sauran damshinsa. Ko ruwa zan saya a kasuwa sai na jefa kalmar Faransanci, don a san ba da bagidaje ake ciniki ba.

Mahaifina tsohon soja ne. Ina ƙarami aka zo ɗibar soja ƙauyenmu a ƙasar Mai Yara, mai gari ya ba da sunansa, aka tafi da shi babban yaƙin Nasara can ƙetaren teku. Shekara biyar babu labari. Da ya dawo, yatsu biyu suka rage masa a hannun dama, kunnensa na hagu ya toshe, ga wani tari da yake taso masa duk damina. Ya tarar wansa, wato baffana, ya haɗe gonar gado yana nomawa shi kaɗai, don kowa ya ɗauka ya mutu. Ba su yi faɗa ba. Baba ba mutumin da zai tsaya gaban sarki da ɗan'uwansa a kan ƙasa ba ne. Sai ya kwashi mahaifiyata da ƙannena ya koma garin iyayenta, wani ƙauye kusa da Jibiya, ƙasar Ingilishi. Baffa kuma duk kaka yakan aika musu da hatsi daga gonar, rabon ƙanensa. Ni aka bari a wannan gefen, saboda sunana na cikin littafin lekol, in na ɓace mai gari za a riƙe.

Tun da Baba ya dawo ban taɓa jin kalma ɗaya ta Faransanci a bakinsa ba. In na zo hutu na ce masa "bonjur" don in burge, sai ya dube ni ya ce, "Wa alaikumus salamu." Shi ya sa na yanke wa kaina cewa abin da ya koyo a soja bai wuce "tsaya" da "juya" na fareti ba.

Saboda hannun nan aka yanka masa fansho, ana biya duk wata uku. Sunansa kuwa a Dakoro yake rubuce, don haka nan zai zo ya karɓa da kansa. Yakan hau jaki zuwa Maraɗi, in ya yi sa'a ya samu motar kaya, wato kamyon 'yan kasuwa, in bai samu ba ya biyo ta Sabon Maci a ƙafa, da karnensa, wato ɗan littafin fanshon, a naɗe cikin fata kamar laya. Babu wanda bai san inda yake zaune ba. Gardawa masu gadin ƙofa sun sani, tsofaffin sojoji 'yan'uwansa sun sani, kwami, wato akawun da ke riƙe da littafi, bahaushe ɗan'uwanmu, shi ma ya sani. Ba wanda ya ga abin magana a ciki. Iyakar ta Nasara ce, mu kuwa dangi gare mu gaba da baya.

Wata shekara da bazara aka kawo sabon Nasara mai biyan kuɗi, yaro ne, ko gashin baki bai gama fito masa ba. Ranar biya tsofaffin sojoji suka taru ƙarƙashin itacen bedin ƙofar biro tun hantsi, kowa da jar hularsa, masu lamba sun maƙala a ƙirji. Baba ya iso a gajiye, ƙafafunsa duk sun tsage. Direban kamyon da ya kawo shi ya ce da azahar zai juya Maraɗi, wanda bai shirya ba sai wani mako. Ga shi sunan Baba can ƙarshen layi yake.

Na ce a raina yau ranar da karatuna zai yi amfani ke nan. Na gyara wuyan riga, na wuce gardi, na tsaya bakin tagar da ake biya. Baba na zaune a kan benci bai fi taku uku daga wurin ba, kunnensa mai ji yana wajena, amma ban ko kula ba. Na gaida Nasaran, na zuba masa Faransanci mafi tsafta da na iya. Na ce mahaifina tsoho ne, ya yi wa Faransa yaƙi, kuma daga nesa ya zo, daga ƙasar Ingilishi, a taimaka a sallame shi da wuri kada mota ta bar shi.

Nasaran ya ɗago kai. Ya ce, "Ziyara ya je can, ko can yake zaune?"

Na ce, "Can yake zaune, ranka ya daɗe. Ya kusa shekara takwas."

Har da ƙarin bayanin da ba a tambaye ni ba, sunan ƙauyen da nisansa da Jibiya. Ya yi murmushi, ya ce a ina na koyi Faransanci mai kyau haka. Wallahi ji na yi kamar an naɗa mini rawani. Ya kira sunan Baba kafin kowa, ya biya shi cif, ya yi ɗan rubutu da jan alƙalami a gefen littafinsa. Kwamin da ke zaune kusa da shi ya dube ni wani irin kallo, ni kuwa na ɗauka hassada ce.

Na raka Baba bakin mota ina ta jiran yabo. Na ce, "Baba ka ga amfanin lekol ko?"

Ya ce, "Na gani." Ya hau mota.

Bayan wata uku ya dawo. Aka kira sunansa, na bi shi zuwa taga kamar yadda na saba. Nasaran ya ƙirgo kuɗi ya turo. Baba ya duba, ya sake dubawa, bai taɓa ba. Abin da ke kan katakon bai kai rabin abin da ya saba karɓa ba.

Kwamin ne ya yi bayani da Hausa, kansa a sunkuye. Ya ce Nasara ya aika sama da maganar inda Baba yake zaune, amsa kuma ta zo. Tsohon sojan da ya ji rauni an ɗauke masa lanho, wato harajin kai, muddin yana zaune ƙasar Faranshi. Wanda ya fita waje kuwa ba shi da wannan alfarma. Don haka za a riƙa cire lanhon daga fanshonsa tun kafin ya shiga hannunsa, nasa da na duk iyalinsa da ke rubuce a littafin ƙauye, har da na shekarun da suka wuce, kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Ko haka dokar take, ko kuwa haka yaron Nasaran ya ga dama ya karanta ta, har yau ban sani ba. Abin da na sani, a can inda Baba yake zaune ma yana biyan haraji duk shekara ga dagaci.

Nan take na gane daga ina abin ya fito.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ɗora hannunsa mai yatsu biyu a kan katakon, ya ce wa kwamin, "Tambaye shi. Da suka ɗauke ni suka sa ni jirgin ruwa, ƙasar ubana suka kai ni? Shekara biyar ina ƙasar waje, ba wanda ya ce in koma gida don lanho. Yatsun ga ukku ma ƙasar waje suke zaune har yau. Su nawa za a cire musu?"

Kwamin ya yi kamar yana neman wani abu cikin takardu. Nasaran ya dube ni, tunda ya san ni, ya ce, "Me yake cewa?"

Baba ma ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Gaya mishi."

Jama'a, ƙofar biron nan ita ce abincina. Kalma ɗaya daga bakin Nasaran nan, gardi zai yi jifa da akwatina. Kuma ina tsoron in magana ta yi tsawo ya ce ai ɗanka ne ya faɗa mini. Sai na buɗe baki na ce da Faransanci, "Ya ce ya gode, ya fahimta, tsufa ne kawai ya sa yake ƙorafi."

Nasaran ya gyaɗa kai, ya kira na gaba. Baba ya tattara kuɗin da hagu, ya zuba a aljihu. A bakin mota ban iya haɗa ido da shi ba. Ya ciro dala biyu ya miƙo mini kamar yadda yake yi kowane zuwa. Na ce ya bar su. Ya ce, "Amshi. Ba kai aka yanke wa ba." Na karɓa. Har wannan ma na karɓa.

Da kaka na je gida. Inna, mahaifiyata, mace ce mai zafi, ba ta kwana da magana a ciki. Kuɗin nan da su take riƙe da gidan, da tsohuwar uwarta da ta makance, da ƙannena huɗu, ga shi daminar ba ta yi kyau ba. Muna cin tuwon rana a tsakar gida ta taso da zancen.

Ta ce, "Shekara takwas ba wanda ya kai tsegumi sai bana? Akwai mai hannu ciki. Kuma mutum guda ne zai ci riba in aka rubuta cewa ka bar ƙasa. Gona ta zama tashi, shi da ɗiyanshi."

Baba ya ce, "Ba Yaya ba ne."

"To wa?"

"Na ce miki ba shi ba ne. Ki bar maganar ga."

"In ba shi ba ne ka faɗi ko wane ne mana!"

Ya ce, "Allah Ya sani."

Sai ta juyo kaina. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai da ke kwana ka tashi ƙofar biron, ba ka taɓa ganin baffanka ya shiga ba?"

Ga loma a hannuna. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma uku ba. Na ce, "Ni dai ban gani ba, Inna. Amma ba kullum nake wurin ba."

Ka ji munafunci. Ban ce shi ne ba, amma na bar mata ƙofa a buɗe, ta kuwa shige. Baba bai ɗago kai daga akushi ba.

Kwana kaɗan bayan haka jakan Baffa suka iso da hatsin shekara. Inna ta tare su a ƙofar gida ta hana a sauke. Ta ce wa mai korar jakan ya koma da su, ya gaya wa wanda ya aiko shi cewa ba a yanka mutum sannan a aiko masa da romo. Baba yana gona, kafin ya dawo jakai sun yi nisa. A shekarar da suka fi kowace buƙata ta mayar da abincin 'ya'yanta, a kan ƙaryar da na bari ta tsaya. Na ji daga baya cewa Baffa ya je gaban mai gari da liman ya ce a ba shi Alƙur'ani ya dafa. Aka hana shi, aka ce abin bai kai can ba. Amma magana ta riga ta zaga. A kasuwar Mai Yara ana nuna shi da baki, ana cewa ga wanda ya sayar da ƙanensa ga Nasara.

Ni kuma sai na kama abin da na iya. Na rubuta takardar koke zuwa ga kumandan, na rubuta zuwa Maraɗi, na rubuta har Yamai. Duk kalmomin ladabin da aka koya mana a lekol sai da na ƙarar da su. Ina gaya wa kaina cewa in na gyara abin, ba sai kowa ya san wanda ya ɓata ba. Aka fi shekara ana yanka, Baba na zuwa yana karɓar guntun da aka bar masa. Sannan amsa ta zo, layi huɗu. In yana son a mayar masa da cikakken fanshonsa, sai ya dawo ƙasar Faranshi da zama, mai gari ya shaida cewa ya yi damina guda cur a ƙauyensa.

Na kai masa takardar da kaina. Inna ta ce ita kam ƙafarta ba za ta taka gidan mutumin nan ba, ko da za a ba ta Dakoro da abin da ke cikinta. Ga kuma uwarta makauniya da ba mai kula da ita. Baba ya dubi rumbu, wanda a lokacin ana iya ganin gindinsa. Ya ce, "Damina guda ce. Na yi biyar inda ya fi nan nisa."

Haka ya ɗauki tabarmarsa da butarsa ya koma Mai Yara shi kaɗai, gidan wan da matarsa ta zaga a idon duniya. Baffa ya karɓe shi. Ya sa aka gyara masa ɗakin da aka haife su ciki, ya yanka masa gefen gona. Mutum mai yatsu biyu ya riƙe hauya damina guda, don kawai mai gari ya gan shi a gona.

Tsakanin Dakoro da ƙauyen ba wata tafiya ba ce ga saurayi. Duk daminar nan sau biyu na je. Ina cewa aiki ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ba na iya zama tsakanin tsofaffin nan biyu. Baffa yakan tare ni da fara'a, ya sa a dama mini fura, ya ce wa maƙwabta ga ɗansu mai ilimin Nasara. Zuwana na biyu na tarar tarin Baba ya tsananta, ɗakin yana yoyo, ya rame. Na ce zan nemo masa magani a wurin likita in dawo. Na sayi maganin kuwa. Yana cikin akwatina kwana tara, kullum ina cewa gobe.

Hatsi ya fara fitar da kai aka aiko. Kafin in isa an rufe shi. Baffa ne ya yi jinyarsa, shi ya wanke shi, shi ya shiga ramin ya karɓe shi.

Saura makonni kaɗan mai gari ya ba da shaidar. Da na koma biro daga baya na tambaya ko Inna za ta samu wani abu a matsayin matar marigayi, kwamin ya ce sai an kawo takardar aure, kuma ita ma ai a waje take zaune. Auren da aka ɗaura da goro da shaidu tun kafin a gina biron, wa ya ba shi takarda? Abin da aka yanke ya tafi ke nan. Sunan Baba aka ja masa layi.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, Baffa ya ce in raka shi gona. Da hantsi ne. Muka tsaya a gefen da Baba ya noma, geron ya yi kyau abin haushi. Baffa ya kama wata zangarniya yana murzawa a hannu.

Ya ce, "Ubanka ya bar mini magana. Ya ce kar in faɗa wa uwarka. Bai ce kar in faɗa maka ba."

Na ce, "Wace magana, Baffa?"

"Ranar da ka tsaya bakin taga kana yi wa Nasara zance, duk ya ji. Ubanka Faransanci ya fi ka ji. Shekara biyu yana kwance asibitinsu, shi ke yi wa sojojinmu tafinta da likitoci. Da ya dawo ne ya ce bakinshi ya gama da harshen ga."

Sai na tsuguna a kan kunyar gero.

Ya ce, "Da ta biyun ma ya ji. Da ya ce ka gaya wa Nasara maganar yatsunshi, kai kuma ka ce ya gode."

Na ce, "To mi ya hana shi ya faɗa da bakinshi? Tunda ya iya?"

Baffa ya ce shi ma abin da ya tambaye shi ke nan. Baba ya ce masa maganar tana bakinsa, har ya ja numfashi zai fara. Sai ya tuna in ya yi Faransanci a gabana ranar nan, zan gane ya ji ta farkon. Ya ce yaro ne, taimako ya yi niyya, in ya san na sani ba zai ƙara iya kallona ba. Shi ya sa ya haɗiye.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba a kan kabari. Baffa ya bar ni sai da na gaji. Bai rarrashe ni ba, bai kuma zage ni ba. Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ya roƙe ni gafara a kan abin da matarshi ta yi mini, na yafe. Na yi mishi alkawari ba za ta ji daga bakina ba, kuma ba za ta ji ba. Amma kai ba ka yi wa kowa alkawari ba. Ni dai tsoho ne. Ina son in shiga kasuwa a daina nuna ni."

Na ce, "Baffa, wallahi daga nan can zan wuce."

Na wuce ɗin kuwa. Na tarar da Inna cikin takaba, ta zama kamar ba ita ba. Ta riƙe hannuna ta ce yanzu ni ne uban gidan, ba su da kowa sai ni. Na ce a raina bari ta fita takaba. Da ta fita na ce bari a yi kaka. Da aka yi kaka sai maganar aurena ta taso, na ce bari a gama biki. Aka ba ƙasa 'yanci, Nasara suka tafi, na samu aiki a cikin biron da nake zama ƙofarsa. Duk sallah ina zuwa gaida Baffa. Bai ƙara tayar mini da maganar ba. Sai dai in zan tafi ya ce, "Ka gai da uwarka," ya ɗan riƙe hannuna fiye da kima.

Shekara huɗu ina wannan gobe-gobe, har Baffa ya rasu. Inna ba ta je gaisuwa ba. Da na kai mata labari tana tsince wake a faifai, ta ce, "Allah Ya ji ƙan Musulmi. Yanzu ya je ya tarar da wanda ya zalunta."

Wannan ce ta fasa ni. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga bakin taga har zuwa gonar. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye faifan a hankali. Na zaci za ta yi mini baki, na ma shirya. Sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mijina kam Nasara suka cuta, kai ka yi wauta. Wannan na bar ka da Allah. Amma ka zauna kana kallo shekara shida ina zagin mutumin da ya wanke mini miji. Ka bari sai da ya shiga inda ba ni iya ce mishi ya yafe mini."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ta sa aka ɗaura wa jaki kaya, ta tafi Mai Yara, garin da ta rantse ba za ta taka ba. Aka ce a tsakiyar gidan ta tsaya, gaban matan Baffa da 'ya'yansa da duk wanda ya leƙo, ta faɗi cewa ita ce ta yi masa ƙazafi. Ba ta ambaci sunana ba. Ita ma ta rufa mini asiri, mutum na uku ke nan. Ta ci gaba da amsa gaisuwata har ƙarshen ranta, tana sa wa 'ya'yana albarka. Amma ba ta ƙara neman shawarata a kan komai ba.

Kwanan baya na ga wasu suna kuka, tsofaffin da suka yi aiki a wata ƙasa suka koma wata da zama, ana cire musu haraji daga fansho kafin ya iso hannunsu. Shi ya tono mini wannan. Ina jin zafinsu, don na ga yadda abin yake a fuskar mutum. Ka ba da ƙuruciyarka, ka ba da naman jikinka, sannan wani da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba ya tambaye ka a ina kake kwana. Lokacin da suke buƙatar Baba ba su ga iyaka ba. Sai da aka zo biya ta fito musu. Wannan ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Sai dai na daɗe da daina ɓoyewa a bayan Nasara. Su kuɗi suka yanke. Abin da ya raba gidanmu ni na yanka shi, kuma ba da maganar da na yi a bakin taga ba, wannan ta yarinta ce. Da wadda na ƙi yi ne, alhali kowace safiya ina da damar yin ta. Mutum uku suka rufa mini asiri, kowane ya biya da wani abu nasa, ni kuwa na yi ta karɓa kamar haƙƙina ne.

Yanzu na girme su duka ukun. Ba da jimawa ba zan tarar da su. Can babu tafinta, babu wanda zai gyara wa wani magana, kowa da bakinsa zai faɗi abin da ya yi. Na fi shekara sittin ina shirya abin da zan ce wa Baffa, har yau ban samu ba.